Miliyan Uku Za Su Kalli Yayan Najiba

Lahadi, 7 ga Disamba, 2:10 na rana

Sun ci, in ji Jethro. Ni dai ban ga abin da aka ci ba. Abin da na gani shi ne yayan Najiba kwance a kan ciyawa, minti biyu ko uku bai motsa ba, sai tashar ta sako tallar mota.

Bari in rubuta a tsare, tunda ba ni da wanda zan gaya wa. Da safe bayan maigidana Dokta ya fita, na sauka hawa na tara wajen Lai'atu da sunan aron rariya. Rariya uku gare ni a kicin. Lai'atu ta sani, ni ma na san ta sani. Shekara uku ke nan muna wannan wasan kwaikwayo duk Lahadin da mijinta Jethro ya kamo wasan a talabijin ɗinsu. Can Amurka daren Asabar ne, mu nan Sentul a Malesiya hantsi. Nakan tsaya a ƙofar kicin ɗinta riƙe da rariya, ina kallo ta gefen ido. Yayan Najiba ɗan fari ne. Ban taɓa faɗin sunansa ba, ko a littafin nan hannuna ba ya iya rubutawa, balle in baje a falon mutane ina kallonsa kamar wadda ba ta da mafaɗi.

Wasan kuma, Allah na tuba. Sunansa ƙwallon ƙafa amma a hammata ake rungume ta, ƙarti sun kifa kwano a ka suna tunkuyin juna kamar raguna. A makarantarsu ta nan ya fara wani mai kama da shi na turawan Ingila, wani malami ya aika bidiyonsa, wata jami'a a can ta ɗauke shi ya yi mata wasa ta ba shi karatu. Aikinsa ya tare mutum da ƙirji. Lamba hamsin da biyar, da ita nake gane shi don ba a ganin fuska.

Ya tashi daga baya. Ya taka da ƙafarsa, amma sai ya nufi ɓangaren abokan karawarsu, sai da wani ya kamo hannunsa ya juyo da shi. Jethro ya ce, "No wahala, Maman Najiba, jiri ne kawai." Lai'atu kuwa ta dube ni. Ta yi aikin jinya a Kafanchan kafin su zo nan.

Na hawo gida na manta rariyar a kan firijinta.

Laraba, 10 ga Disamba, 4:30 na yamma

Mutumin da ya rantse ba zai taɓa kallon wasan banza ba, yau shi ne ya shigo da takarda ya manna a jikin firij. Shekara uku yana cewa ya tura yaro karatun injiniya an mayar masa da shi ɗan dambe. To yau kan mage ya waye. Wani abokin aikinsa a jami'arsu ta Jalan Semarak ya nuna masa alƙaluma, Dokta kuwa in ka ba shi alƙaluma ka gama da shi, ƙididdiga yake koyarwa.

Ya tsayar da ni ina riƙe da ludayi ya yi mini lacca. Wai an kasa jami'o'in can rukuni-rukuni. Manyan rukunai in sun yi babban wasa, mutum miliyan takwas ko goma ke kallo a talabijin. Nasu yayan Najiba ƙaramin rukuni ne, in an samu dubu ɗari huɗu sai hamdala. Wasan Lahadi da suka ɗauki kofin rukuninsu, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Saboda shi aka gayyace su wasan ƙarshen shekara, ran 28 ga wata a lissafinmu, za a haɗa su da wata jami'a daga babban rukuni, a babbar tasha, a lokacin da babu wani wasa.

"Hadiyya, na lissafa. Ba zai kasa miliyan uku ba. Kin san me ake nufi da miliyan uku? Masu ɗaukar 'yan wasa duk suna ciki. Shekararsa ta ƙarshe ce, this is his only window."

Na ce, "Ka ga faɗuwar da ya yi?"

Ya ce, "Ke ina kika gani?"

Na ce miya na ƙonewa.

Alhamis, 11 ga Disamba, 9:20 na safe

Ya kira. Kamar kullum Najiba ce ta riƙe wayar, Dokta a gefenta, ni ina kicin ƙofa a buɗe, ina wanke kofin da na riga na wanke.

A duhu yake zaune. Najiba ta ce ya kunna fitila ba a ganinsa, ya ce hasken yana damunsa. Ya tambaye ta ko ta gama jarrabawa, ta ce ta gama. Suka yi maganar sanyi. Ya sake tambayarta ko ta gama jarrabawa. Dokta ya karanta masa takardar firij tun daga sama har ƙasa. Da ya gama, sai ya ce, "Najiba, ya jarrabawa, kun gama?" Ta yi dariya ta ce, "Yaya, are you okay? Sau uku fa."

Da za su yi sallama ya ce a gaishe da Anti. Ni ce Anti. Haka ya taso yana kirana, don a hannun Inna Daso, mahaifiyar Dokta, ya girma a Rano har ya shekara goma. Sai kuma ya ƙara da cewa in an yi waya da Inna a ce mata zai aiko mata da hoton kofin.

Inna Daso shekararta biyu a ƙasa. Shi ya fi kowa kuka.

Dokta ya ce, "Gajiya ce. Yaro ya sha wahala." Ya ɗauki jakarsa ya tafi kama jirgin ƙasa.

Juma'a, 12 ga Disamba, 5:00 na yamma

Ruwa tun azahar. Ban leƙa ko baranda ba.

Asabar, 13 ga Disamba, 1:40 na rana

Mun je kasuwar Chow Kit da Lai'atu. A wajen masu kifi, ana ta watsa mana ruwan ƙarni a ƙafa, ta ce, "Maman Najiba, zan faɗi magana, in kin ga dama ki yi fushi." Na ce ina ji.

Ta ce ƙwaƙwalwa in ta bugu, lokaci take so. In aka sake bugunta kafin ta warke, na biyun ba irin na farkon ba ne. Ta ce ta taɓa ganin haka a asibiti, wani ɗan acaɓa. Ban tambaye ta abin da ya same shi ba, ita ma ba ta ƙarasa ba.

Na gaya mata zancen jarrabawa sau uku da zancen Inna. Ta ajiye ledar hannunta a ƙasa cikin caɓi.

"Ki kira shi yau. Ki ce kar ya buga."

"Ni?"

"To wa ya haife shi, ni?"

Su ba su san wannan abin ba. Lai'atu tana rungume ɗanta na fari a gaban kowa, ƙato mai gemu, tana kiransa da sunansa har da ƙari. Ba na ganin laifinta. Amma ni ranar da aka yaye shi aka ɗauke shi, na tsaya a tsakar gida ina dariya don kar a ce na damu, uwata tana alfahari da ni. Shekara ashirin da biyu ban taɓa kiran lambarsa da hannuna ba. Sai yau rana tsaka in kira in ce me?

Kifin ma bai yi kyau ba, an cuce mu.

Litinin, 15 ga Disamba, 7:50 na yamma

Na gwada Dokta. Na bari ya ci ya ƙoshi, na kawo masa shayi, na ce, "Yaron nan anya lafiyarsa?" Ya ce likitocin makarantar sun duba shi sun ce ya ci gaba da atisaye. Ya ce suna da na'urorin da ko a nan babu. Ya ce, "Ko kin fi su ne?"

Ban fi su ba. Sakandare na gama. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima.

Ya ƙara layi biyu a takardar firij, wasu ƙananan wasannin ƙarshen shekara da aka fara. Yana kwatanta su da na bara, yana ja musu layi da jan biro. Rabon da in ga yana murna haka tun ranar da aka ƙara masa girma. Abin da ya fi ba ni haushi, wani sashe na zuciyata yana jin daɗi. Shekara uku uba da ɗa suna gaisawa kamar maƙwabta, yanzu kullum suna waya. Ni ce zan zo in watsa ƙasa a ciki?

Laraba, 17 ga Disamba, 11:15 na safe

Najiba ta shigo ina ninke kaya, ta rufe ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba. Shekararta sha shida, nan aka haife ta, Hausarta rabi da rabi. Ta zauna a bakin gado ta ce in rantse ba zan gaya wa Abbanta ba. Ban rantse ba, na ce ta faɗa.

Yana amai da safe. Kansa bai daina ciwo ba tun ranar. Ba ya iya kallon waya minti biyar. In likitoci sun tambaye shi sai ya ce garau yake, tambayoyin da suke yi kuma ya san su tun shekarar farko, ya haddace yadda ake amsawa. Ya ce mata in ya faɗi gaskiya za su ajiye shi a benci, Abba kuma ya riga ya gaya wa duniya.

Na ci gaba da ninke zanin gado. Na ninke shi har ya ƙi ninkuwa.

Na ce, "Ki ce masa, in ji ni, lafiya uwar jiki."

Ta ce, "Mama, wannan ba message ba ne lah. Ki ce kar ya buga. Just say it."

Na ce, "Ki faɗa masa yadda na faɗa miki."

Ta rubuta ina kallo. Bayan awa ɗaya amsa ta zo: a ce wa Anti ya gode, Allah ya bar girma.

Laraba, 3:30 na rana

Lafiya uwar jiki. Kamar mai sayar da magani a tasha. Tir da ni.

Juma'a, 19 ga Disamba, 10:00 na safe

Ina ta tunani, ko na faɗa ma zai ji? Wace ce ni a wurinsa? Matar da ke ajiye abinci a ƙofar ɗakinsa ta ƙwanƙwasa ta wuce. Da zazzaɓin sauro irin na ƙasar nan ya kwantar da shi yana ɗan sha biyu, kwana shida a asibiti, Dokta ne a ciki, ni ina kan benci a waje. Nas ta ɗauka 'yar aiki ce ni. Ranar da zai tafi Amurka ban je filin jirgi ba, na ce kaina ke ciwo, na tsaya a baranda har motar ta sha kwana ta bayan tashar jirgin ƙasa.

Yaron da ya bijire wa ubansa a kan wasan nan, maganar Anti ce za ta tsayar da shi? Zan zubar da mutuncina ne kawai, ya ce mini to, ya je ya yi abin da ya ga dama.

Na rubuta wannan na karanta, ya yi ma'ana. Amma abincin safe yana nan ban taɓa ba.

Lahadi, 21 ga Disamba, 6:15 na yamma

Na karya amanar Najiba. Da asuba bayan salla na gaya wa Dokta komai, aman, ciwon kan, haddar amsoshin. Na ga fuskarsa ta canza, na ce alhamdulillahi. Ƙarfe takwas ya kira shi a gabana.

"Ka gaya mini tsakaninka da Allah, lafiyarka ƙalau?"

"Ƙalau, Abba. Wa ya ce wani abu?"

"Ba ka amai?"

"Sau ɗaya ne, wani abu na ci."

Dokta ya kashe waya ya dube ni ya ce, "Kin ji da kunnenki." Yana so ya yarda, shi ya sa ya yarda. Na san shi shekara ashirin da huɗu.

Yanzu Najiba ba ta yi mini magana. Yayanta ya daina amsa saƙonta. Ƙofa ɗaya da muke leƙensa ta cikinta, na rufe ta da hannuna.

Da rana kuma a taron 'yan gida Dokta ya tashi ya sanar. Ya kama zauren taro na ƙasan gininmu, za a kawo babban allo, kowa ya zo da iyalinsa Lahadi mai zuwa ƙarfe takwas na safe, akwai waina da shayi. Aka yi kabbara. Mata suka yi ta juyowa suna kallona, na sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata.

Talata, 23 ga Disamba, 12:00 na rana

Ya gyara lissafinsa. Wai zai iya kai miliyan uku da rabi saboda hutu.

Alhamis, 25 ga Disamba, 4:45 na yamma

Na sauka yi wa su Lai'atu barka da Kirsimeti. Gidan cike da mutanen cocinsu. Ta ja ni ɗakinta ta kulle, ta miƙo mini wayarta da lambarsa a kai, ta karɓa a wajen Najiba.

"Ba mai ji, ba mai gani. Ni ma zan fita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, 'yar uwa."

Ta fita. Na zauna a kan gadonta da wayar a cinyata. Na shirya maganar a bakina, kalma huɗu ce kacal: ban yarda ka buga ba. To biyar. Na duba agogo, ƙarfe uku, na lissafa can biyun dare ne. Mai ciwon kai a tashe shi daga barci? Na ce gobe da safe.

Da na fito ta dubi fuskata kawai. Ta zuba mini shinkafa da kaza a kula, ba ta raka ni lif ba.

Juma'a, 26 ga Disamba, 9:00 na safe

Dokta yana gida, hutu. Ba hali.

Asabar, 27 ga Disamba, 5:20 na yamma

Tun safe mata takwas a falona ana ƙullun waina da soya nama. Hajiya Bashira, matar shugaban ƙungiyarmu, ita ce mai ba da umarni, ga baki ga wasa. Wajen ƙarfe goma ya kira daga otal ɗin da aka sauke su. Dokta ya zagaya da wayar, kowace ta yi masa addu'a. Na shige kicin. Sai ga Najiba, wadda kwana shida ba ta ce mini uffan ba, ta karɓe wayar daga hannun ubanta ta biyo ni ta danƙa mini a hannu.

"Mama na son magana da kai," ta ce, da Hausa tsantsa.

Matan falon duka suka juyo. Hajiya Bashira ta tafa hannu ta ce, "Yau ake yinta! Ku zo ku ga Hadiyya za ta yi hira da ɗan fari. Mu dai a nan ita kaɗai ta rage mana mai kawaici irin na da, bari mu ga ko Malesiya ta cinye ta." Aka kwashe da dariya. Ba da mugunta ta faɗa ba, yabo ne.

Fuskarsa ta cika wayar. Ya rame ta wajen ido. Idon hagu ya fi na dama ƙanƙancewa, ko hasken ne, ban sani ba. Ya cire hularsa.

"Anti, ina kwana."

"Lafiya lau."

"Za ki kalla gobe?"

Kawuna takwas a ƙofar kicin. Mai na ƙara a kasko. Najiba ta kafe ni da ido.

Na ce, "Allah ya tsare."

Ya ce amin. Ya ɗan jira. Wallahi ya jira, na gani. Na miƙa wa Najiba wayar na juya nama. Matan suka yi guɗa, Hajiya Bashira ta ce, "Na faɗa muku! 'Yar halak."

Asabar, 8:40 na dare

Na kira. Da wayata, da hannuna, a banɗaki, famfo a buɗe. A kashe take. Najiba ta ce ranar wasa ba ya kunna waya sai an tashi. Na kira sau tara.

Lahadi, 28 ga Disamba, 7:10 na safe

Ana ta sauke kujeru. Dokta ya sa babbar riga. Na yi sadaka da kuɗin da ke jakata gaba ɗaya a wajen mai sharar gini. Ya Allah, ka sa kocinsu ya manta da shi a benci. Ka sa a yi ruwa. Ka sa wutar ginin nan ta ɗauke, in ma ba zai hana komai ba.

Lahadi, 3:00 na rana

Wannan karon ban tsaya a ƙofa ba. Ina zaune a layin gaba. Na gani.

Lahadi, 6:30 na yamma

Kujeru sittin, an mayar da hamsin da takwas, biyu ban san inda suke ba. Kular Hajiya Bashira tana nan. Waina ta yi saura da yawa, na ce a kai wa masu gadi. An bar takalmin yaro ƙafa ɗaya a zauren.

Sun maimaita karon da ya kwantar da shi sau huɗu a hankali kafin su daina. Sannan tallar mota, sannan tallar inshora, sannan ƙaramar motar ɗaukar masu rauni ta shigo filin. 'Yan wasan duka suka durƙusa da gwiwa ɗaya. Jethro ne ya tashi ya kashe allon. An ce daga baya an ci gaba da wasan.

Litinin, 29 ga Disamba, 11:00 na safe

Wata mata daga makarantar ta yi magana da Dokta minti arba'in. Ya rubuta abubuwa a bayan ambulan. An shiga da shi tiyata an fito. Sun ce a jira. Na tambayi Lai'atu ma'anar wata kalma da na ji ana maimaitawa, ta ce in bari tukuna.

Najiba tana kwana a ɗakina. Ba ta ce mini "na faɗa miki" ba. Da ta faɗa da na ji sauƙi.

Talata, 30 ga Disamba, 2:15 na rana

Dokta ya tafi Amurka. Yana da biza tun taron da ya je bara, ni ba ni da ita, ranar ganawa da aka ba ni a ofishin jakadanci kuma sai watan Maris. Da zai fita ya tsaya a gaban firij. Na ɗauka zai yage takardar. Ya ce, "Kin faɗa mini." Na ce, "Kai na faɗa wa." Ya ɗauki akwatinsa.

Laraba, 31 ga Disamba, 4:00 na yamma

Mata suna ta zuwa. Hajiya Bashira ta zo ɗaukar kularta, ta riƙe hannuna ta yi kuka, ta ce ba ta taɓa ganin mai dauriya irina ba, ko hawaye. Na ce mata na gode. Na so in fasa mata kular a ka, alhali ba ita ta riƙe mini baki ba.

Alƙaluman sun fito, Najiba ta gani a waya. Miliyan uku da dubu ɗari bakwai. Dokta ya yi kusa, bai taɓa kuskure da yawa ba. Wai an fi kallo bayan abin ya faru, mutane sun yi ta kiran juna a kunna.

Cikinsu duka, mutum nawa suka san yana amai da safe? Ni, da yarinya 'yar sha shida, da uban da ya zaɓi kar ya sani.

Juma'a, 2 ga Janairu, 9:00 na safe

Babu canji.

Asabar, 3 ga Janairu, 9:00 na safe

Babu canji. Dokta ya ce akwai dusar ƙanƙara.

Litinin, 5 ga Janairu, 8:30 na safe

Ya buɗe ido. Ya matse hannun ubansa da na dama. Na hagun tukuna.

Na yi sujada a kan tayil ɗin kicin, na daɗe ban ɗago ba.

Alhamis, 8 ga Janairu, 10:40 na safe

Yana magana, a hankali, kamar mai tauna. Ya gane Dokta, ya gane Najiba. Dokta ya gargaɗe mu tun kafin ya kunna bidiyo: abin da aka gaya masa da safe ba ya kaiwa yamma, kuma a wurinsa har yanzu Disamba ce. Likitoci sun ce kar a yi masa gardama. Sun ce mai yiwuwa ya dawo, ba su ce zai dawo ba.

Na ce wa Najiba ta ba ni wayar. Lai'atu tana falon, da wata maƙwabciya, ban damu ba.

An aske rabin kansa. Ya ganni ya yi ƙoƙarin gyara zama, ya kasa.

"Anti, ina kwana."

"Ya jikin?"

"Da sauƙi. Kaina ne kawai. Anti, kar ki gaya wa Abba." Abban nasa ne ke riƙe masa wayar. "Jibi ne wasan. Abba ya ce miliyan uku. Za ki kalla?"

Ban shirya ba. Bakina ne ya buɗe da kansa.

Na ce, "Ka saurare ni. Ban yarda ka buga ba. Ni na haife ka, na ce ban yarda ba."

Ya dube ni. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga, kamar yaron da aka ba kyautar da bai zata ba.

"To, Anti. Tunda kin ce. Zan gaya wa koci gobe ba zan buga ba."

Hoton ya karkace, na koma ganin silin da fitila. Ina jin numfashin Dokta.

Ko gardama bai yi ba.

Juma'a, 9 ga Janairu, 10:15 na safe

Yau ma ya tambaya ko zan kalla. Na sake hana shi. Ya sake cewa to.